Yadda za ka koyar da ɗabi'un Birtaniya a ajin firamare ba tare da yara sun fara hamma ba

Duk wanda ya samu aiki a makarantar firamare a Ingila, ko cikakken malami ne ko mai taimaka wa malami a aji ko ma irin wanda ejansi ke turawa ya cike gurbi na kwana ɗaya biyu, ba zai yi sati ba sai ya ci karo da maganar nan ta ɗabi'un Birtaniya, wani ma tun a intabiyu za a jefo masa ita a ce to malam ya za ka nuna su a ajinka, kuma mutanenmu da yawa nan suke daburcewa don sun ɗauka ana nufin shan shayi da bin layi da sanin sunayen 'yan gidan sarauta. Ba su ake nufi ba. Abu huɗu ne gwamnati ta rubuta: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin mutum, sai mutunta juna da haƙuri da masu wani addini ko wata aƙida daban da taka. Wasu makarantu kan raba na ƙarshen gida biyu su ce biyar ne, duk ɗaya.

Ka fara sanin daga ina abin ya fito, don iyaye za su tambaye ka, musamman in sun ga kai musulmi ne sun saki jiki da kai. Jerin nan ya fara bayyana ne a cikin tsarin Prevent na 2011, wato shirin gwamnati na hana mutane faɗawa tsattsauran ra'ayi, daga nan aka sa a ƙa'idojin aikin malanta cewa malami ba zai yi abin da zai rushe su ba. Sai a 2014 aka yi badaƙalar nan ta Birmingham da aka sa wa suna Trojan Horse, wata wasiƙa ce mara sa hannu ta ɓulla tana cewa wai akwai shirin masu tsattsauran ra'ayin Musulunci na ƙwace makarantu, wasiƙar da mutane da dama suka yi ittifaƙin ta bogi ce, amma duk da haka Ofsted, hukumar da ke duba makarantu, ta shiga makarantu 21 ta yi bincike, kuma kafin shekarar ta ƙare a watan Nuwamba ma'aikatar ilimi ta fitar da takardar da ta ce yanzu bai isa a ce ba ka rushe su ba, dole makaranta ta riƙa koyar da su da gaske. A 2015 kuma doka ta ɗora wa makarantu nauyin Prevent kai tsaye. Shari'ar ladabtarwa da aka yi wa manyan malaman makarantun can ta wargaje a 2017, amma tsarin ya zauna daram. Na kawo tarihin ne don ka gane dalilin da ya sa wani uba ɗan Pakistan ko ɗan Somaliya yake ɗaure fuska da zarar ya ji an ambaci kalmar, yana ji kamar da ɗansa ake, kuma in za a faɗi gaskiya yana da hujjar jin hakan. Sannan ka lura wannan maganar ta Ingila ce, Sikotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin ilimi.

Abu na biyu, ba za ka ga wani fanni mai wannan sunan a jadawalin darasi ba. Ana sa ran su fito ne a asembili da darasin addinai da tarihi da darasin zamantakewa da lafiya, har da yadda ake raba rigima a filin wasa. Kuma sufeton Ofsted in ya zo ba allon bango yake tsayawa kallo ba, yara yake ja gefe ya tambaye su, waye ya zaɓi wakilan ajinku, in ba ka yarda da abin da malami ya yi ba ya kake yi, akwai wanda ake tsokana a nan saboda addininsa? Amsar yaro ɗan shekara bakwai ita ce sakamakonka. Shi ya sa allon nan da za ka gani a kusan kowace makaranta, tuta da jar bas ta Landan da kofin shayi da hoton sarki, ni dai a ganina ɓata kwali ne, in hedimasta ya ce a yi to a yi a wuce wurin, amma kar ka ɗauka ka koyar da wani abu.

Dimokuraɗiyya

Ita ce mafi sauƙin farawa kuma ita aka fi yi wa ha'inci. Sharaɗin ɗaya ne, duk abin da ka ba yara su zaɓa to ka tabbata kana shirye ka yi abin da suka zaɓa ko da ba shi kake so ba, in ka san ba za ka iya ba kar ka kawo shi ƙuri'a tun farko. Yara suna gane maguɗi fiye da yadda kake tsammani.

A ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar ka ajiye littattafan labari biyu a bakin ƙofa da safe, kowanne da gwangwani a gabansa, duk yaron da ya shigo ka ba shi tsakuwa ko murfin kwalba guda ɗaya ya jefa a inda yake so, in an kusa tashi ku zazzage a kan kafet ku ƙirga tare da ƙarfi, ka ga lissafi ma ya shigo ciki. Abin da za ka sa wa ido shi ne yarinyar da littafinta ya faɗi ta fashe da kuka, a nan darasin yake, ka zauna kusa da ita ka ce yau mutane sun fi yawa a wancan, naki yana nan gobe za mu sake sa shi, kuma goben ka sa shi ɗin da gaske. Koyon faɗuwa zaɓe ba tare da an yi bori ba ya fi koyon jefa ƙuri'a wuya, manya ma ai muna gani.

Daga aji uku zuwa shida sai ka yi zaɓe na sosai. Yawancin makarantu suna da majalisar ɗalibai, kowane aji ya tura wakili ɗaya ko biyu. Mu da muka taso inda malami ke nuna monita da yatsa ya ce kai ne za ka riƙa rubuta sunan masu surutu, hannunmu yana ƙaiƙayin mu zaɓi yaron da ya fi natsuwa mu huta, to a danne zuciya. Duk mai so ya tsaya, ya rubuta abu biyu ko uku da zai yi, ka duba tare da shi ka cire wanda ba zai yiwu ba irin su a soke aikin gida ko a gina wurin ninƙaya, ya tsaya gaban aji ya yi magana ta minti ɗaya, wanda kunya ta yi masa yawa ko Turancinsa bai gama zama ba a bar shi ya yi fosta ko abokinsa ya karanta masa. Ranar zaɓe ka yi yadda ake yi a ƙasar sak: rajistar masu zaɓe a kan tebur, yara biyu su zama malaman zaɓe suna jan layi a kan suna, rumfa ta kwali da fensir ɗaure da zare, takarda a sa alamar kuros a gaban suna ɗaya, a ninke a jefa a akwatin da aka nuna wa kowa babu komai a ciki kafin a rufe. Ka gaya musu a da a ƙasar nan a bainar jama'a ake faɗin wanda aka zaɓa, mai gida yana tsaye yana jin abin da ɗan hayarsa zai ce, sai a 1872 aka kawo ƙuri'ar sirri, sai ka tambaye su me ya sa, su da kansu za su kawo maganar tsoron ɓata wa aboki rai.

'Yan aji biyar da shida ka ƙara musu da wannan. A ce ku talatin ne, an kawo zaɓi uku na abin da za a yi ranar ƙarshen zango, fim ya samu 12, ƙwallo 10, zane 8. Fim ya ci ko? To amma mutum 18 ba su zaɓe shi ba. Ka rubuta lambobin a allo ka yi shiru ka bar su su yi ta musu, daga baya ka ce haka ake zaɓen 'yan majalisar wakilai su 650 da ke zama a Westminster, wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci ko da bai kai rabi ba, sannan ku sake zaɓen ta hanyar jera na ɗaya na biyu na uku ku ga ko sakamako zai canza. Wani lokaci yakan canza, kuma ranar ba za ka samu ka rufe darasi da wuri ba.

In an gama zaɓe majalisar ta samu wani abu a hannu, ko da 'yan fam kaɗan ne na sayen kayan wasa, ko ikon zaɓar ƙungiyar agajin da za a tara wa kuɗi bana, kuma duk buƙatar da suka kai wa hedimasta a dawo musu da amsa a asembili, in an ƙi a faɗi dalili. Majalisar da ba ta taɓa canza komai ba illa raba baji, abin da take koya wa yara shi ne zaɓe wasa ne.

A watan Nuwamba akwai makon majalisar dokokin ƙasa da ake yi duk shekara, makaranta na iya yin rajista a aiko mata da kayan koyarwa kyauta, kuma majalisar tana karɓar ziyarar makarantu. In Landan ta yi muku nisa ku rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarku ko kansila, yawanci ranar Juma'a suna gida, yara su shirya tambayoyi kan abin da ya dame su, motoci masu gudu a bakin get, kashin karnuka a hanyar makaranta, lilon da ya karye a filin unguwa. Amma fa ka kama bakinka kan jam'iyya. Dokar ilimi ta 1996 ta hana tallata ra'ayin siyasa na ɓangare ɗaya a makaranta, in yaro ya ce malam wa ka zaɓa sai ka nuna masa rumfar kwalin nan ka ce ka manta sirri ne?

Ga tarihi kuma akwai Emmeline Pankhurst 'yar Manchester da gwagwarmayar mata, a 1918 aka ba wasu mata 'yan sama da shekara 30 ƙuri'a, sai 1928 aka daidaita su da maza a kan shekara 21, a 1969 aka sauko da shi 18. In kana so su ji abin a jikinsu ka ce yau waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Yuni ne kaɗai za su zaɓi wasan da za a yi, ka bar ihun ya tashi na minti biyu sannan ka janye. Da watan haihuwa za ka raba su ko launin safa, kar ka kuskura ka raba da launin fata ko addini ko da da sunan misali ne.

Bin doka

Satin farko na shekara a watan Satumba ku rubuta dokokin aji tare, kar su wuce biyar ko shida, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da fenti, har da kai. Wannan har da kai ɗin shi ne gaba ɗaya darasin. In doka ta ce ba a katse mai magana to ranar da ka katse yaro wani ya ɗaga hannu ya ce malam ka karya ta uku, sai ka ce gaskiya ne, yi haƙuri, ci gaba, ba tare da ka haɗe rai ba. Daga nan ne za ka iya kawo Magna Carta ta 1215, lokacin da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince a Runnymede cewa shi ma akwai abin da ba zai yi ba, in ba haka ba labarin zai zama shekara ce kawai da za a haddace.

Wasa mara doka yana aiki sosai da ƙanana, ka fitar da su fili ka raba su gida biyu ka jefa ƙwallo ka ce a fara, ba ka faɗi raga ba ba ka faɗi ko da hannu ko da ƙafa ba, minti uku ya isa, za su dawo suna ƙorafi su da kansu suna neman a sa doka. Manya kuma ku yi kotu. Ni na fi son a gurfanar da Gizo, ka ba su tatsuniyar yadda ya yaudari wani ya cinye abinci, yaran Ghana da na Jamaika za su ce ai Anansi ne sun san halinsa, a naɗa alƙali da lauya mai ƙara da mai kare shi da shaidu da masu taya alƙali yanke hukunci mutum 12 kamar yadda ake yi a babbar kotun laifuka, kuma ka nace cewa ko Gizo ba a ce masa mai laifi sai an kawo hujja, wannan yana ba su haushi ƙwarai don kowa ya san shi ya ci. Akwai majistarori masu zuwa makarantu su yi bayani, kuma yara kan yi mamaki in sun ji cewa yawancinsu mutanen gari ne 'yan sa kai ba lauyoyi ba. 'Yan aji shida kuma a gaya musu a fili cewa a Ingila da Wales daga shekara 10 ana iya kama yaro da laifi a gaban doka, yawancinsu sun kai, su san cewa tura hoton wani don a ci masa mutunci ko ɗaukar wuƙa a jaka ba wasan yara ba ne.

Takardar 2014 ta ce in ana koyar da dokokin addini a nuna wa yara bambancinsu da dokar ƙasa. Ba abin tayar da hankali ba ne, misali mai sauƙi: musulmi da Bayahude ba sa cin naman alade saboda addininsu, dokar ƙasa ba ta hana kowa ba kuma ba ta tilasta wa kowa ba, amma ɗaura bel a mota ya hau kan kowa. Sai abu ɗaya da sabon zuwa ya kamata ya riƙe da kyau, babu duka, an haramta shi a makarantun gwamnati tun 1986, kuma ba bulala kaɗai ba, jan kunne da dungure kai da sa yaro kamun kunne duk suna iya raba ka da aikin har abada. Kowace makaranta tana da rubutaccen tsarin ladabtarwa, ka karanta shi tun ranar farko ka bi shi yadda yake.

'Yancin mutum

Wannan ba ya buƙatar dogon shiri. Ka riƙa ba da zaɓi na gaske a cikin aiki, wa zai rubuta labari wa zai zana shi, wane mataki na lissafi kake jin za ka iya, kuma yaro ya san yana da ikon cewa a'a in wani ya ce zai rungume shi ko ya karɓi abinsa. Sai ka haɗa da iyakarsa, kana da 'yancin cewa ba ka son wasan, ba ka da 'yancin cewa wance ba za ta yi ba. Makarantu da yawa suna bin shirin UNICEF na haƙƙin yara, wanda aka gina kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 12 a ciki yana cewa a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, in makarantarku tana ciki rabin aikin an riga an yi maka.

Mutunta juna da haƙuri da bambanci

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mu kanmu ake gwada mu. Ƙidayar 2021 ta nuna a Ingila da Wales kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su kiristoci ne, kashi 37 suka ce ba su da addini, musulmi kashi 6.5, sai 'yan Hindu da Sikh da Yahudawa da mabiya Buddha. Ka dubi kashi 37 ɗin nan da kyau, don a ajinka akwai yaran da a gidansu ba a yarda akwai Allah ba sam, kuma mutuncin da doka ta ce a ba su daidai yake da na kowa. Bahaushe ya saba zama da kirista, amma yaro ɗan shekara takwas ya dube ka ya ce babana ya ce babu Allah, wannan sai ka shirya fuskarka tun daga gida. Amsar ita ce haka ne, wasu mutane haka suka yarda, wasu kuma sun yarda akwai, waye zai gaya mana abin da ake yi a gidansu, shi kenan ka wuce.

Yaren da za ka riƙe a baki kullum shi ne musulmi sun yi imani da cewa, kiristoci da yawa sun yarda cewa, ba ka ce gaskiyar magana ita ce ba. In sun tambaye ka naka kana iya faɗa a taƙaice, ni musulmi ne ina azumi, amma aji ba wurin da'awa ba ne. Kuma wata rana za a yi maka tambayar nan mai nauyi, yaro musulmi ya ce malam wai abokina zai shiga wuta tunda yana cin naman alade, abokin kuma yana zaune a gefensa ido ya kawo ruwa. Kar ka tsawata masa kamar ya yi zagi, abin da ya ji ne ya maimaita, kuma kar ka shiga fatawa. Ka ce addinai suna da bayani daban daban kan abin da ke faruwa bayan mutuwa kuma wannan tambaya ce mai kyau da zai kai wa iyayensa, amma a ajin nan ba ma gaya wa wani cewa za a ƙona shi don yana sa shi baƙin ciki, dubi fuskar abokinka. Bayan darasi ka samu kowannensu shi kaɗai, in an zo ɗaukarsu kuma ka ɗan yi wa iyayen bayani kafin labarin ya isa gida a karkace.

Kar ka mayar da yaro kakakin addininsa. Yarinya ɗaya mai ɗankwali a aji ba ita za a riƙa juyowa ana kallo ba duk lokacin da aka ambaci Musulunci, haka yaron Sikh mai ɗaurin gashi, in suna so su yi magana bismilla, in ba sa so a ƙyale su, kuma ka tambaye su a keɓe tun kafin darasin. Gara ka gayyato babba daga waje, ko ku je da ƙafarku, gani ya kori ji. Coci da masallaci da gurdwara, wato wurin ibadar 'yan Sikh, da wurin ibadar Hindu da na Yahudawa da yawa sun saba karɓar 'yan makaranta, a gurdwara za a rufe kai a cire takalmi kuma akwai kicin da ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, yara ba sa manta wannan. A wasiƙar da za ka tura gida ka rubuta ƙarara cewa kallo da tambaya za a je yi, ba wanda za a sa ya yi ibada, don za ka samu iyayen da ba sa so a kai ɗansu masallaci, ka samu namu da ba sa so a kai nasu coci, duka biyun maganar ɗaya za ka yi musu. Doka ta ba iyaye ikon cire ɗansu daga darasin addinai da kuma taron ibada na kullum, in sun nace haƙƙinsu ne, ka tura su ofis ba tare da ka nuna wa yaron komai a fuska ba.

Ka nuna musu cewa cakuɗuwar nan ba jiya ta fara ba. Majami'ar Yahudawa ta Bevis Marks a Landan tun 1701 take, masallacin Shah Jahan da ke Woking an gina shi a 1889. Ranar 11 ga Nuwamba da ake maƙala jan fure ana shiru na minti biyu don tunawa da sojoji, ka kawo Khudadad Khan, musulmi daga yankin da yanzu yake Pakistan wanda ya samu lambar jarumta ta Victoria Cross saboda abin da ya yi a Beljiyam a 1914, ka kawo runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, cikinsu akwai Hausawa da yawa, wataƙila ma kakan wani mai karanta wannan yana ciki. Kuma kar ka ɓoye inda ƙasar ta gaza, a 1963 a Bristol kamfanin bas ya ƙi ɗaukar baƙaƙe da 'yan Asiya aikin direba da kwandasta, mutane suka ƙaurace wa bas ɗin ƙarƙashin jagorancin su Paul Stephenson har kamfanin ya sauko, bayan shekara biyu aka yi dokar farko ta hana wariyar launin fata. Labari ɗaya ne amma duka abu huɗun suna ciki, kuma yana nuna wa yaro cewa mutane ne irinsa suka yi faɗa kafin a samu. In wani mai wayo a aji shida ya ce malam to ai a ƙasarmu ma ana mutunta mutane me ya sa aka ce na Birtaniya, ka ce ya yi gaskiya, ba mallakar kowa ba ne, waɗannan dai su ne ƙasar nan ta ce ta ɗaure kanta da su.

Sai maganar da mutanenmu suka fi jin nauyinta. Dokar daidaito ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da ba a nuna wa mutum bambanci a kansu, addini da launin fata da naƙasa da jinsi suna ciki, haka ma wanda mutum yake so ya aura ko mace ko namiji. Tun Satumban 2020 darasin zamantakewar iyali ya zama dole a firamare kuma shi ba a cire yaro daga ciki, ko da yake dole makaranta ta tuntuɓi iyaye ta kuma nuna musu kayan da take amfani da su, a 2019 an yi ta zanga-zanga a bakin wasu makarantun Birmingham kan wannan. Ba a ce ka canza abin da ka yi imani da shi ba, ita kanta takardar gwamnati ta 2014 ta faɗi haka, amma in akwai yaro a ajinka da mata biyu ke riƙonsa to aikinka ne kar a tsokane shi, kuma ranar da ake yin katin iyaye mata ka miƙa masa kwali biyu ba tare da wani sharhi ba. Dokar da ta kare shi ita ce ta kare hijabin 'yarka. In akwai darasin da kake jin ba za ka iya tsayawa ka koyar ba, ka je wurin hedimasta tun da wuri ku yi magana a ofis, kar ka bari sai a gaban yara.

In yaro ya faɗi abin da ya tayar maka da hankali, ko yabon masu kashe mutane ne ko zagin baƙi da musulmi irin wanda ake kwasowa a intanet, don Prevent ta shafi masu tsattsauran ra'ayin fararen fata ma, to kar ka zama ɗan sanda. Ka tambaye shi a hankali me kake nufi, a ina ka ji, sau da yawa za ka tarar wasan kwamfuta ne ko kuma kai ne ba ka ji daidai ba, an taɓa yin wani a Luton inda yaro ɗan shekara huɗu ya zana babansa yana yanka kokwamba ma'aikatan suka ji kamar ya ce bam, magana ta yi nisa kafin a gane. In bayan ka tambaya har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka rubuta ainihin kalmomin da ya faɗa da rana da lokaci, ban da fassararka, kar ka yi masa alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, ka kai wa jami'in kare yara na makarantar a ranar, kowace makaranta tana da shi kuma yawanci hotonsa yana manne a ɗakin malamai. Shi ne zai yanke ko a kira iyaye ko a wuce gaba ko a bar maganar a nan, kai dai ka ajiye kwafin abin da ka rubuta a inda tsarin makarantar ya ce a ajiye, ba a wayarka ba.